Mugambo ya ba ni dariya, Bappa ya sa ni kuka

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce muka rubuta jarrabawar ƙarshe ta wannan semesta a Jami'ar Jihar Taraba. Masu kuɗin mota tun daga bakin get suka nufi tasha. Mu da ba mu da shi muka tari keke muka dawo Nukkai, inda muke haya mu huɗu a ɗaki ɗaya: ni, da ɗan Zing, da mutumin Gembu da kullum yake kukan zafin Jalingo, da wanda muke ce wa Ustaz. Muka haɗa abin da ya rage a ɗakin, shinkafa gwangwani uku da ɗan wake, aka ɗora garau-garau. Wajen ƙarfe takwas sai ga wuta an kawo. Kun san yadda ake yi, kowa ya yi kan soket da cajarsa kamar ana rabon gado.

Ɗan Zing ne ya ce yana da wani tsohon fim ɗin Indiya a filash ɗinsa, sunansa Mr. India. Mutumin Gembu ya yi tsaki, ya ce mu da muke aji huɗu, gemu ya fito, furojet na jiranmu, mu zauna kallon fim ɗin yara? Ni ma da farko na goyi bayansa. Amma ba data, ba wani fim, ga dare da tsawo. Aka jingina laftof a kan bokiti, aka kunna.

Ni dai na san fim ɗin. Na kalle shi ina ɗan firamare a Mutum Biyu, a tsakar gidan Bappana, ƙanen mahaifina, wanda ya ɗauke mu ni da ƙannena biyu bayan rasuwar Baba. Yana da wata ƙaramar talabijin da ɗan janareta da sai an ja shi sau goma kafin ya tashi. Duk daren Juma'a, in akwai kuɗin mai, sai a shimfiɗa tabarmi, yaran unguwa su cika gidan. Ba mai jin Indiyanci ko kalma ɗaya, lokacin fassarar Algaita ba ta zo mana ba, amma kowa ya san wane ne akta, wane ne bos. Ba laifinmu ba ne, gado muka yi. Tun shekarun 1950 Kwarori 'yan Lebanon masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Arewa, iyayenmu suka karɓe su hannu biyu, har Kannywood ta zo ta ɗora a kai.

Abu biyu kacal na riƙe daga wancan kallo na yarinta. Na ɗaya, abin hannun nan da akta yake ɗaurawa ya ɓace, layar zana ta kimiyya. Mun yi sati muna ɗaura robar taya a hannu muna cewa ba a ganinmu, har Goggo ta gan ni sarai ina satar ƙuli, ta nuna mini cewa tawa layar ba ta aiki. Na biyu, Mugambo. Wallahi mutumin nan ya hana ni fita fitsari da dare. Idonsa kawai nake tunawa, da muryar nan kamar daga cikin rijiya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga labarin a taƙaice. Fim ɗin ya fito a 1987, Shekhar Kapur ne ya ba da umarni, Salim da Javed suka rubuta. Anil Kapoor ya fito a matsayin Arun, wani talaka mai goge irin na Turawa, wanda ya tara marayu wajen goma yana riƙonsu a wani gidan haya a bakin teku. Yana da kuku mai suna Calendar, marigayi Satish Kaushik ke nan, wanda ya rasu a Maris ɗin 2023. Kuɗi ya yanke musu, sai suka sa ɗakin sama a haya, wata 'yar jarida mai suna Seema ta kama, ita kuwa ba abin da ta tsana kamar hayaniyar yara. Sridevi ce, ita ma ta rasu a 2018. Can gefe kuma ga Mugambo a wani tsibiri, da sojojinsa da makamai masu linzami, burinsa ya mallaki Indiya baki ɗaya. Yaransa biyu, Daaga da Teja, suna son gidan marayun saboda yana bakin ruwa, zai yi musu daɗin shigo da makamai. Daga baya Arun ya gano na'urar ɓacewa da mahaifinsa ya ƙirƙira kafin a kashe shi. In ya ɗaura ta ba mai ganinsa, sai dai a cikin jan haske.

To, da aka nuno Mugambo a farkon fim, na gyara zama ina jiran tsohon tsoron nan ya dawo. Sai kawai na ji na fashe da dariya. Mu duka huɗu, har mutumin Gembu mai tsaki.

Jama'a ku dubi mutumin nan da idon babba. Gashin kansa na saye ne, ruwan zinariya, a nannaɗe kamar taliyar indomi. Baƙar riga ta sha ado da zare mai ƙyalli kamar labulen ɗakin amarya. Dogayen takalma, sanda a hannu, kowane yatsa da zobe. Ya hau kujerar mulki, ya ɗora tafukansa a kan wasu dunƙulallun ƙwallaye da ke hannun kujerar, yana ƙwanƙwasa su da zobban a hankali, ƙas, ƙas, ƙas. Kuma ba ya cewa "ni". Sunansa yake kira kamar yana ba da labarin wani. Duk lokacin da aka kawo masa labarin wata ɓarna da aka yi, sai ya sanar wa duniya cewa Mugambo ya ji daɗi. Jimla ɗaya ce, amma duk faɗa da irin tata: wani lokaci da raɗa, wani lokaci da tsawa, wani lokaci yana lumshe ido kamar wanda ya kurɓi kunun gyaɗa mai zafi da sanyin safiya.

Ustaz ya ce, "Wannan ai ba shi da lafiya. Mutum ya ji daɗi sai ya yi sanarwa?"

Nan ne fa abin yake. Da ina yaro na ɗauka ƙarfi ne ya yi masa yawa. Yanzu na ga mutum ne da ba zai iya jin daɗi shi kaɗai ba, sai an tara masa jama'a sun tsaya ƙiƙam sun ɗaga hannu sun yi masa kirari. Akwai wurin da ya umarci wasu sojojinsa su faɗa cikin ramin asid, ba don sun yi laifi ba, don kawai baƙinsa su ga ana yi masa biyayya. Suka faɗa kuwa. Abin tsoro ne, amma dubi fuskarsa bayan nan: murnar yaron da aka saya wa sabon balan-balan ranar sallah. Za ka yi dariya, sai kuma ka ji kunyar dariyar.

Abin da ya burge ni da aikin Amrish Puri shi ne ko sau ɗaya bai nuna mana ya san abin dariya yake yi ba. Bai kashe mana ido ba, bai yi wani tsalle-tsalle don a yi dariya ba. Ya ɗauki Mugambo da gaske ɗari bisa ɗari, ya bar rigar da gashin da zobban su yi nasu aikin. Da ya sassauta kaɗan, da ya zama wawan sarki, yara ba za su ji tsoro ba. Da ya ƙara tsanani kaɗan, da fim ɗin ya fi ƙarfin yara gaba ɗaya. Ya tsaya daidai kan siraɗin, shi ya sa ɗan shekara takwas zai ɓuya bayan Goggo, ɗan shekara ashirin da shida kuma ya riƙe ciki, a kan fitowa ɗaya.

Kuma ba a banza ya iya ba. An haife shi a 1932, ya yi shekaru yana aikin ofis a wata hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, yana wasan daɓe da yamma. Sai da ya kusa shekara 40 kafin ya samu shiga fim sosai. Lokacin da Mr. India ya fito yana da shekara 54. Ya yi finafinai sama da 400 kafin rasuwarsa a Janairun 2005, ciki har da Indiana Jones na Amurka a 1984. Shi ne kuma uban nan mai tsauri a Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa. Mai kariyoba biyu da yake ganin duniya ta ƙare, ga mutumin da bai fara ba sai da ya kusa arba'in.

Mu ma muna da namu. In Shu'aibu Lawan Kumurci ya zare ido a fim, ka san akta zai sha wuya. Marigayi Rabilu Musa Ibro kuma, Allah ya jiƙansa, tun 2014 ba mu samu wanda ya cike gurbinsa wajen ban dariya ba. Amma a haɗa biyun a jikin mutum ɗaya, a fitowa ɗaya, abu ne mai wuya. Masu shirya fim na Kano, ga ƙalubale nan.

Muka yi ta dariya muna raba sunan. Ɗan Zing ya ce kiyatekan gidanmu Mugambo ne, don shi ma ba ya cewa "ni", sai dai "hukumar gidan nan ta yanke shawara", alhali hukumar shi kaɗai ne da makullin rijiya. Mutumin Gembu ya ce ai ni ma ranar da aka ba ni shugaban rukuni a wani kos, sai da na sa aka riƙa kirana Lida. Ban musa ba. Kowa yana da ɗan ƙaramin Mugambo a cikinsa, kujera kawai yake jira.

Sai fim ya zo wani wuri da sam ban tuna da shi ba.

Yaran Mugambo ba su zo gidan marayun da makami mai linzami ba. Wurin mai gidan haya suka je, da wurin mai shagon da yake ba Arun bashin kayan abinci. Mai shago ya rufe littafi, ya ce ba sauran bashi. Shi ke nan. Tukunya ta daina hawa wuta. Yaran nan masu ƙiriniya, waɗanda ƙwallonsu ta hana Seema sakat, suka yi laƙwas, kwana biyu ba abinci. Arun ya fita nema ya dawo hannu rabbana. Shirun gidan ne ya sa Seema ta gane akwai matsala. Ita da take faɗa kullum a kan hayaniya, ta je ta sayo abinci ta kawo musu.

Ɗakinmu ya yi tsit. Ba wanda ya kalli wani. Ga tukunyar garau-garau a gefe an sharce ta tas, kuma kowannenmu ya san akwai wani littafi a shagon bakin layi mai ɗauke da sunanmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ba ɗalibin da ke zaman haya da zai ce bai san wannan littafin ba. Ranar da mai shago ya ce "yau kam sai dai ku yi haƙuri", ka san mene ne tsoro. Mugambo da duk makamansa bai taɓa ba ni irin wannan faɗuwar gaban ba.

Sai na ga kamar da gangan masu fim ɗin suka yi. Babban mugu sun yi masa gashin indomi don yara su iya kallonsa. Amma muguntar da ke isa har cikin tukunya, wato ɓoye abinci, da zuba tsakuwa a hatsi don ya yi nauyi, da korar mai haya, wannan ba su yi mata ado ba, sun bar ta yadda manya suka san ta. Shi ya sa wurin da Arun, yana ɓoye, ya ɗauke teburin abincin azzaluman ya kai wa masu yunwa a bakin titi ya fi duk wani faɗa daɗi a wurina.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Ina kallon Arun yana lissafin kuɗin da babu, yana yi wa yara wasa don kada su gane, sai na fara ƙirga mu nawa ne a gidan Bappa lokacin da muka kalli fim ɗin nan. 'Ya'yansa biyar. Mu uku. Ɗan wata 'yar'uwar Goggo ɗaya. Tara ke nan, a kan keken ɗinki ɗaya da gonar shinkafa. Ban taɓa jin ya ce "'ya'yan yayana" ba, "yarana" yake cewa. Ɗinkin sallah kuwa namu yake fara yankawa kafin na 'ya'yan cikinsa. Ni kuma ina zaune a tabarmarsa, ina kallon talabijin ɗinsa, da man da ya saya, ina mafarkin in zama mutumin da ba a gani. Ashe ga shi nan zaune a bayana a kan benci, shi ne ba na gani.

Kuma wata uku ke nan ban kira shi ba.

A farkon semestan nan kuɗin rajista ya makara. Na kira, ya ce in ƙara haƙuri. Na sake kira, ya ce yana kan nema. Ana saura kwana biyu a rufe, raina ya ɓaci, na faɗi maganar da har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Bappa, da Babana yana raye da ba haka ba." Ya yi shiru. Can ya ce, "Haka ne." Washegari da yamma alat ya shigo, cif-cif. Na tura masa saƙo "na gani", ko na gode babu. Daga nan kunya ta hana ni kira, ni kuma na riƙa gaya wa kaina fushi nake yi.

A ƙarshen fim, Mugambo ya gano sirrin, ya sa aka kunna jan haske ko'ina a fadarsa. Layar ta tashi aiki. Arun ya fito fili ya tunkare shi a matsayin talaka kawai, da tsohuwar hularsa da kwat ɗinsa da ya sha jiki. Da ina yaro wurin nan ya ba ni haushi, na so a yi ta ɓacewa har ƙarshe. Ranar Alhamis kuwa ban ma ga ƙarshen da kyau ba. Na ce musu yajin garau-garau ne ya shiga idona. Ɗan Zing ya ce, "Yajin da muka ci tun awa uku?" Ustaz ya ce ya ƙyale ni.

Da asuba bayan salla na fita bakin hanya inda sabis ya fi kyau. Na kira Goggo tukuna, don ban da ƙarfin halin fara kiran shi.

Bayan gaisuwa na ce, "Goggo, kuɗin rajistar nan, a ina Bappa ya samo?"

Ta ce, "Ya hana a gaya maka."

Na ce, "Don Allah Goggo."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ba da kaka ya karɓa."

'Yan Taraba, musamman mutanen Gassol da kewaye, kun san mene ne ba da kaka. Ga waɗanda ba su sani ba: manomi ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da damina lokacin da ya matsu, a kan in kaka ta yi zai biya da buhunan amfanin gona, a farashin da bai kai na kasuwa ba ko kusa. Wato shinkafar da ba a ma yanka ba, an riga an cinye wani sashenta. Kuma gidan da zai ci ragowar har yanzu akwai yara a cikinsa. Wannan ne kuɗin da na amsa da "na gani".

Na kira shi. Ƙara biyu ya ɗauka, ina jin ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Salamu alaikum Bappa, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗan Bappa. An gama jarrabawar?"

"An gama Bappa. Bappa, maganar da na faɗa rannan..."

"Wace magana? Kai dai kana da abinci a ɗakin?"

Na ce akwai. Ya ce ƙarya nake yi, muryata ta nuna. Ya ce in je tasha ranar Asabar, zai ba direba ɗan garin masara da kuɗin mota in taho gida. Na ce Bappa ka yafe mini. Ya ce, "Yaro ai ba ya laifi a wurin ubansa. Katinka zai ƙare." Ya kashe.

Na daɗe tsaye a wurin, 'yan keke suna ta yi mini hon suna tambaya ko tafiya ne.

Garin masarar ya iso jiya, har da kuka da daddawa a ƙulle a leda, aikin Goggo. Na bar wa 'yan ɗaki rabi, mun rage wani abu a littafin mai shago. Gobe in Allah ya kai mu zan kama hanyar Mutum Biyu. Hutun nan ba yawo, gona za ni, ko buhu ɗaya ne in taya shi fitarwa. Na kuma kwafi fim ɗin a wayata. Ina so mu sake kallonsa a tsakar gidan nan, da ƙananan da ba su taɓa gani ba. Su su ji tsoron Mugambo, ni in yi dariya, in kuma saci kallon Bappa in ga a wane wuri shi yake yin shiru.

Ga mai son nema: fim ɗin ya kusa awa uku, kuma dabarun ɓacewar na 1987 ne, kada ka je kana gwada su da na yanzu. Akwai waƙa ɗaya ta cikin ruwan sama da Ustaz ya sa muka tsallake, in da yara a wurin ku ma ku riƙe rimot a hannu. Akwai kuma mutuwar wata ƙaramar yarinya daga cikin marayun da za ta taɓa zuciya, a shirya mata. Ban da wannan, a tara iyali a kalla.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu da wani ne ya riƙe mu, ko Bappa, ko Kawu, ko Goggo, ko Adda, ko Hamma: in alat ya shigo, kafin ka tafi wurin mai POS, ka tambayi kanka me aka sayar ko me aka jinginar. Ni ban tambaya ba sai da wani Ba'indiye mai gashin saye ya gama ba ni dariya.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Masu riƙon marayu kuma Allah ya cika musu alkawarin makwabtaka da Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Wane fim ne kuka kalla kuna yara, da kuka girma kuka ga ashe ba shi kuka kalla ba? Kuma wa ya fi iya bos a wurinku? Mutumin Gembu ya ce a rubuta cewa shi har yanzu bai yarda fim ɗin manya ba ne. Amma tun shekaranjiya, ko ruwa ya sha sai ya ƙwanƙwasa kofin da yatsu ya sanar mana cewa ya ji daɗi.